Tambaya da Amsa: Qt Ta Ƙi Haɗuwa da tslib, Allo Kuma Ba Ya Jin Yatsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa Qt 5.15, tsarin gina manhajoji masu fuskar allo, a kwamfutata domin wata ƙaramar na'ura mai ARM da Linux, mai allon taɓawa inci 7. Da na sa -tslib (domin haɗa tslib, laburaren tace taɓin allo) a configure, shirin da ke tsara haɗin, sai ya tsaya, ya ce "Feature 'tslib' was enabled, but the pre-condition 'libs.tslib' failed", alhali na girka libts-dev. Na cire -tslib ɗin, haɗin ya kammala, manhajar tana fitowa a allo, amma ko na taɓa ba abin da ke motsi. Don Allah ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Matsalolinka biyu ne, kuma ba lalle ne ɗaya ce ta haifi ɗayar ba. Kada ka sake haɗa Qt, aikin da ke cin sa'o'i, sai ka tabbatar Linux ɗin da ke kan na'urar tana jin yatsanka. Qt ba ta magana da gilashin kai tsaye. Direba ne ke karɓar taɓin ya zuba shi a wani fayil cikin /dev/input, daga nan Qt ke ɗiba. In rijiya ta ƙafe, sauya guga ba ya kawo ruwa.

Buɗe /proc/bus/input/devices ka nemo sunan allonka da lambar event ɗinsa, sannan ka kunna evtest, manhajar da ke nuna abin da direba ke aikowa, a kansa ka taɓa gilashin. Idan lambobi ba su zubo ba, ka bar Qt ta huta, laifin na direba ne ko na waya. Idan sun zubo da sudo kaɗai, to izini ne: sa mai amfani da ke kunna manhajar cikin rukunin input. Wannan ɗan abin yana wahalar da mutane ƙwarai, domin manhajar takan tashi lafiya ƙalau, sai dai ta yi kunnen uwar shegu da taɓi.

Sai tambayar da nake ganin ta fi kowacce muhimmanci: shin kana ma bukatar tslib? Allon taɓawa galibi iri biyu ne. Akwai mai jin danni, wanda ko da farce ko murfin biro ka latsa zai amsa, akwai kuma irin na wayoyin zamani, mai jin wutar da ke jikin yatsa. An san tslib ne da na farkon, domin lambobinsa danye suke fitowa, suna rawa, sai an tace an daidaita su da ts_calibrate, wanda ke sa ka taɓa wurare 5 ya ajiye sakamakon a /etc/pointercal. Idan naka na biyun ne, libinput ko evdevtouch da ke cikin Qt sun wadatar. Sun ma fi, tunda ta hanyar tslib Qt tana ɗaukar taɓi tamkar linzamin kwamfuta, yatsa ɗaya tak. Akwai bayanan da ke cewa dole sai tslib da tun zamanin Qt 4 aka rubuta su, kafin Qt 5 ta fito a 2012 ta sauya tsarin gaba ɗaya.

In har allonka mai jin danni ne, ga dalilin kuskuren haɗin. Mai yiwuwa a kwamfutarka ka girka libts-dev, wato na x86, alhali configure cikin sysroot, wato kwafin fayilolin na'urar da ke kwamfutarka, yake lalube, yana neman tslib.h da libts.so na ARM. Girka kunshin a kan na'urar, ka sake kwafo sysroot ɗin, sannan ka gwada laburaren da umarnin file ka ga ya ce ARM. Ka lura da mahaɗan fayil (symlinks) da ke nuni da /usr/lib kai tsaye, domin bayan kwafi sukan koma nuni da kwamfutarka. Ainihin abin da ya faɗi yana cikin config.log, nemi tslib a ciki ka karanta layukan da ke ƙasa, saƙon ƙarshe taƙaitawa ce kawai. Kuma configure yana riƙe sakamakon gwajin baya, don haka ka sa -recheck-all ko ka fara a sabon babban fayil, in ba haka ba zai maimaita maka tsohon kuskure ko da ka gyara.

Haɗawa kaɗai ba ta kunna tslib. Ya danganta da hanyar da Qt ke bi ta zana a allo: sai ka sa QT_QPA_FB_TSLIB=1 in da linuxfb kake aiki, ko QT_QPA_EGLFS_TSLIB=1 in da eglfs ne, tare da TSLIB_TSDEVICE mai nuna fayil ɗin event. Domin ganin na'urar da Qt ta kama, kunna manhajar da QT_LOGGING_RULES="qt.qpa.input=true". Idan taɓi ya fara aiki amma a juye, ka taɓa dama ya amsa a hagu, evdevtouch na karɓar rotate=180 ko invertx ta QT_QPA_EVDEV_TOUCHSCREEN_PARAMETERS.

Abu na ƙarshe yana cikin manhajarka. Maɓallai na yau da kullum za su amsa, domin Qt tana mayar da taɓin da ba a karɓa ba ya zama danna linzami. Amma in kana son QTouchEvent da kansa a QWidget, dole ka kunna Qt::WA_AcceptTouchEvents kuma ka karɓi TouchBegin, in ba haka ba TouchUpdate da TouchEnd ba za su iso ba. Idan duk wannan bai warware ba, turo min abin da evtest ya nuna da sashen tslib na config.log.