Jar kwalbar nan ba lemo ba ce, Hajiya

Hajiya, sannu da zuwa Beljiyam. Kin ce abokin aikin maigida ya kawo muku kyautar wata kwalba mai jan ruwa, an rubuta Rosé de Gambrinus a jikinta, ya ce "framboise" ce, kina tambaya ko lemo ne a ba yara. A'a, giya ce. Barasar da ke ciki ta kai kusan kashi 5 cikin 100. Framboise ɗin sunan rasberi ne da Faransanci, wasu 'yan jajayen 'ya'yan itace masu taushi, shi ya sa sunan yake ruɗar baƙi.

Ni ban taɓa sha ba, amma na san gidan da ake yin ta. Shekara shida na zauna a Anderlecht, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Midi a Burusel, kuma lokacin da nake karatun kimiyyar abinci malaminmu ya kai mu can. Sunan gidan Cantillon. An kafa shi a 1900, har yau zuri'ar gidan ce ke riƙe da shi, iyalin Van Roy, kuma tun 1978 suka mai da shi gidan tarihi inda ake shiga da tikiti.

Abin da ya ba ni mamaki, ba sa zuba yisti ko kaɗan. Irin wannan giya ana kiranta lambic. Suna dafa sha'ir da ɗanyar alkama, alkamar kamar kashi ɗaya cikin uku, da busasshen furen wani tsiro mai ɗaci da ake kira hops, wanda ya daɗe a ajiye har ɗacinsa ya ragu. Sai su tura ruwan da zafinsa zuwa wani faffaɗan faranti na jan ƙarfe a can saman soro, su bar shi ya kwana, iskar dare tana shiga ta tagogi. Ƙwayoyin halittar da ke yawo a iskar kwarin kogin Senne da jikin katakon ginin su ke faɗawa ciki su fara aiki. Ina tsaye a wurin sai na tuna ƙwaryar nonon kakata, da ba wanda yake zuba mata komai amma da safe ta yi tsami. Saboda haka ne ba sa dafawa sai da sanyi, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu; da zafi iska takan kawo ƙwayoyin da ke ɓata ta.

Daga nan sai gangunan katako, shekara ɗaya, biyu, har uku. A nan ne tsaminta yake zama. Sannan a zuba rasberi, a bar shi wasu watanni ƙwayoyin su cinye sukarin, shi ya sa take da ja da ƙamshi amma babu zaƙi. Ko gizo-gizo ba sa kashewa a gidan, yana kama ƙudajen da 'ya'yan itacen ke jawowa. Yana ta ko'ina, wallahi da na ga wurin na ɗauka an yi watsi da shi.

Wadda ta fi kama mutanenmu ma ba wannan ba ce. Akwai framboise ta manyan kamfanoni a kantuna, irin ta Lindemans, da aka sa wa zaƙi, barasarta kusan kashi 2.5, ɗanɗanonta kamar zoɓo in ji masu sha. Haka kriek, wadda ake yi da ceri. Wani ɗan'uwanmu sabon zuwa ya taɓa ɗauko biyu zuwa buɗe-baki, Allah Ya sa muka duba bayan kwalbar kafin a buɗe.

In kin ga lambic, kriek, gueuze, bière ko bier a jikin kwalba, ko "% vol", ki ajiye. Wadda ke hannunku kuwa, maigida ya mayar wa mai ita cikin ladabi ya gaya masa dalili. A wurinsu kyauta ce mai daraja, mai yiwuwa ma har layi ya bi kafin ya samo ta.