Bindigar gwanjon intanet da takardun zamanka

Wani ɗan Damagaram daga unguwar Birni, wanda ke aiki a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ya rubuto cewa ya ga bindigar farauta da araha a shafin gwanjo na GunBroker, yana son ya taya, kuma idan ta yi kyau zai sayi ta biyu ya aika wa yayansa da ke kiwo wajen Tanut.

Ɗan'uwa, kafin a duba bindigar, fara duba takardunka. Dokar tarayyar Amurka ta hana wanda ba shi da izinin zama mallakar bindiga, ta kuma hana mai bizar wucin gadi, sai a 'yan wurare kaɗan, kamar wanda ke da lasisin farauta. Mai katin zama na dindindin an yarje masa ya saya, amma idan kotu ta same shi da laifin da ya shafi bindiga, wannan kaɗai ya isa a kore shi daga ƙasar, ko da ya shekara ashirin yana biyan haraji.

Sayen abin da ba ka riƙe da hannunka ba cinikin biri a sama ne. Hoto yana nuna ƙota mai sheƙi, amma ba ya nuna tsatsar da ta ci cikin bututu, ko tsagar da aka shafe da fenti, ko kunamar da wani ya goge har ta zama tana tashi da ɗan motsi. Tsohuwar bindigar da aka sa wa harsashin da ya fi ƙarfinta tana iya fashewa a fuskar mai ita. Masu sayarwa da yawa suna rubuta cewa ba a mayar da kaya, kuma kuɗin da aka tura ta manhajar tura kuɗi ta Zelle da wuya su dawo. Abin da ya fi damuna shi ne lambar jikinta: idan an kankare ta, riƙe bindigar ma laifi ne.

Idan takardunka sun ba ka dama, nemi mai sayarwar da ya amince a rubuce da kwanakin dubawa, waɗanda a cikinsu za ka iya mayar da bindigar. Daga wata jiha dole a aika bindigar wurin dillali mai lasisi, inda za ka cika fom mai lamba 4473, a kuma binciki tarihinka. Duba lambar a gabansa, sannan ka kai wa maƙerin bindiga kafin ka harba ko sau ɗaya.

Maganar yayanka kuwa, ka ajiye ta. Fitar da bindiga daga Amurka ba tare da lasisin gwamnati ba babban laifi ne, a Nijar ma ba a riƙe ta sai da izinin hukuma. Idan ɓarayin dabbobi ne suka dame shi, ya kai kukansa ga jandarmomi da mai garinsu, kai kuma ka taimaka da kuɗin gyaran garke.