Ku Tambaya Mu Amsa: Wai da gaske kamfanoni na ɗaukar ma'aikata daga makarantun fasaha?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ne ya gama aji uku na ƙaramar sakandare ya kafe shi dai teknikal zai je ya koyi aikin lantarki, babansa kuma ya ce sam, jami'a yake so ya yi kamar yayyensa. To ni na ji ana cewa yanzu masana'antu na haɗa kai da irin makarantun nan suna ɗibar yara aiki kai tsaye, shin gaskiya ne ko dai zancen rediyo ne? Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su. Gaskiya ne akwai, amma fa ba kowace makaranta ba, kuma a nan ne iyaye da yawa ke yin kuskure, sai su ga allo a bakin ƙofa an rubuta kwalejin fasaha shikenan su ɗauka an gama.

Kin ga dalilin da ya sa kamfanonin ke neman makarantu ba don tausayi ba ne, matsuwa ce. Mai masana'anta zai samu masu digiri ɗari a rana ɗaya in ya sa talla, amma wanda zai buɗe akwatin wutar inji ya gano abin da ya ƙone, ko mai waldan da zai haɗa bututu ya ɗauki matsi bai yi yoyo ba, wannan sai an sha wuya. Lokacin da ake gina matatar Dangote a Legas sai da aka kawo ƙwararru da yawa daga waje musamman Indiya, alhali ga matasanmu na zaune. Shi ya sa wasu manyan kamfanoni suka gaji da jira suka buɗe nasu wurin horo. Dangote na da makarantarsa a Obajana jihar Kogi inda masana'antar simintinsa take, Nestlé na da cibiya a Agbara da wata a Abaji kusa da Abuja inda ake horon wata 18 kan inji da lantarki, kamfanin haɗa motoci na PAN ma a Kaduna yana da tasa cibiyar ta koyar da kanikanci. Kuma ITF, wato hukumar gwamnati mai kula da asusun horar da ma'aikatan masana'antu, tana da shiri da ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata NECA inda ake horar da matasa a cikin kamfanonin kansu. Sai dai gurbin kaɗan ne masu nema kuma jibgi, kuma yawanci suna son wanda ya riga ya taɓa waya da sukundireba, wato mai takardar teknikal ko difloma ta foli (politeknik). Kin ga ke nan zaɓin yaron naki ba shirme ba ne.

Ƙasar da ake yawan buga misali da ita a wannan harka ita ce Jamus. Can yaro da kamfani yake sa hannu a yarjejeniya tun farko, ya yi kwana uku ko huɗu a mako a cikin masana'anta, kwana ɗaya ko biyu a aji, na tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, kuma ana biyansa duk wata tun yana koyo, a ƙarshe ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu ko ta masu sana'ar hannu ce ke masa jarrabawa ba makarantar kaɗai ba. Sana'o'in da ake koya ta wannan hanya sun haura 300. Mu abin da muke da shi mai kama da haka shi ne SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, wanda ɗalibai ke kira IT, ITF ce ta ƙirƙiro shi bayan an kafa ta a 1971. Ɗan foli na yin wata huɗu, ɗan jami'a wata shida. A takarda abin gwanin kyau. A aikace kuwa, kowa ya san yadda ake yi, yaro zai yi ta yawo da wasiƙa a unguwannin masana'antu na Kano, daga Bompai zuwa Sharaɗa zuwa Challawa, maigadi ya ce manaja baya nan, ƙarshe ya samu wani ofis inda aikinsa sayo wa oga abinci, ranar ƙarshe a buga masa hatimi a littafi. Wani ɓangaren laifin ba na kowa ba ne illa mutuwar masana'antun, dubi Kakuri a Kaduna inda masaƙu irin su KTL da UNTL suka taɓa ɗaukar dubban mutane, yau ina yaro zai je ya ga injin saƙa na aiki?

To abin da zan ce ki yi, ki sa babansa ko kawunsa su taka da ƙafa su je makarantar ranar karatu ba ranar biki ba. Su ce a kai su ɗakin aikin hannu. In suka tarar da injin tun na zamanin da an lulluɓe shi da tamfol, ƙura ta yi masa kauri, malami na zana hotonsa a allo yara na kwafa, to sun samu amsa. In kuwa suka ji ƙarar aiki, suka ga yara da baƙin mai a hannu, ga guntayen waya a ƙasa, sai su tambayi shugaban makarantar kai tsaye: wane kamfani ne ya karɓi ɗalibanku bara, su nawa, kuma nawa aka riƙe? Wanda ke da haɗin gwiwa na gaske ba zai yi inda-inda ba, sunaye zai lissafo.

Shi kuma maigida ki lallaba shi da wannan, teknikal ba ta rufe ƙofar jami'a. Yaro na gama shekara uku zai rubuta NABTEB, jarrabawar kammala makarantun fasaha, kuma da wannan sakamakon ana yin JAMB a shiga foli ko jami'a a karanta injiniya. Bambancin kawai shi zai shiga da sana'a a hannunsa, ko yajin aiki aka tafi zai iya yin wayarin ɗin gidaje ya samu na kashewa.

TAMBAYA: Malam ni ƙaramar masana'antar leda gare ni, duk wanda na ɗauka da difloma sai na sake koya masa daga farko, da ya iya kuma ya gudu. Me zai sa in wahalar da kaina da wata makaranta? Daga wani ɗan kasuwa a Sharaɗa.

AMSA: Alhaji ai tunda dama kana koyarwar, gara ka fara tun suna ɗalibai lokacin da alawus kawai za ka ba su. Ka je foli ko teknikal mafi kusa ka ce a turo maka uku ko huɗu, ka haɗa kowanne da babban ma'aikacinka, cikin wata huɗu za ka gane wanda ke da kai da wanda ke da amana kafin ka ɗauke shi. In kamfaninka na cikin masu biyan ITF kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikata a shekara, doka ta ba ka damar neman a mayar maka har rabin kuɗin in ka nuna ka horar da ma'aikatanka ta hanyar da suka amince, da yawa biya kawai suke yi ba sa nema. Batun guduwa kuwa Alhaji, a yi haƙuri, ka duba abin da kake biyansu bayan sun iya ka kwatanta da na maƙwabcinka, don yawanci can suke komawa.