Jaka, Takalmi, Waya da Malamin Gida: Amsoshi ga Iyayen 'Yan Firamare

Da zarar hutu ya doshi ƙarewa, saƙonnin iyaye kan yi yawa, kuma kusan duka a kan abu guda suke: me za a saya, me za a bari. Na zaɓo waɗanda suka fi maimaituwa.

Tambaya: Ɗana shekararsa bakwai, zai shiga aji biyu. Jakarsa ta bara ta yage tun kafin zangon ƙarshe. Babansa yana so a sayi babba wadda za ta kai shi har aji shida, shi kuma yaron ya kafe sai mai tayoyi. Wace zan saya? Daga Maman Ɗan Aji Biyu.

'Yar'uwa, ki yi haƙuri ki ba su haƙuri, domin ba zan goyi bayan ko ɗaya daga cikinsu ba. Matsalar babbar jaka ita ce yaro ba ya barin wuri a cikinta. Duk girman da kika ba shi sai ya cika shi, har da littattafan da ba a yin darasinsu a ranar. Likitocin yara da dama suna ba da shawarar kada nauyin jaka da kayan cikinta ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin jikin yaro. Idan ɗanki kilo 22 ne, kin ga kayan da zai goya bai kamata su haura kilo 3 da ɗan wani abu ba. Ki ɗora jakar a kan sikeli wata rana da safe bayan ya gama shirya ta, za ki sha mamaki.

Ki tafi da shi wurin saye, ya goya ki gani. Kada faɗinta ya fi na bayansa, kada kuma gindinta ya sauka can ƙasa da ƙugunsa tana dukan cinyoyinsa. Ki nemi mai hannaye biyu masu faɗi da laushi, waɗanda ake iya ragewa da ƙarawa, ki kuma koya masa sa su duka biyun. Rataya jaka a kafaɗa ɗaya shi ke sa yaro tafiya a karkace. Littattafai masu nauyi su zauna a ɓangaren da ke manne da bayansa.

Game da yagewa kuwa, wurare biyu ne jaka ke mutuwa: zik, da inda hannu ya haɗu da jikin jakar. Ki ja zik ɗin sau da yawa ki ji ko yana sarƙewa. Ki juya cikin jakar ki duba ɗinkin, idan zare ɗaya ne siriri ya riƙe hannun, ki ajiye ta komai kyanta. A nan ne maganar nan ta sayen nagari mayar da kuɗi gida take aiki, amma ki sa ran shekara biyu, ba biyar ba, saboda yaron girma yake yi.

Mai tayoyi tana da nauyi tun babu komai a ciki, kuma duk inda aka haɗu da matakala ko hanya marar kyau sai an ɗauke ta da hannu. Wasu makarantun ma ba sa yarda da ita. Ki bar shi ya zaɓi launi, wannan kan kwantar da rigimar. Sai abu ɗaya da iyaye ke mantawa: sunansa a rubuta shi daga ciki, ba a waje ba, don kada baƙo ya karanta ya kira shi kamar ya san shi.

Tambaya: Makaranta ba ta turo jerin kayan da ake buƙata ba tukuna, ga shi masu shaguna sun fara rangwame. In saya yanzu ko in jira? Daga wani uba.

Malam, ka raba kayan gida biyu. Akwai waɗanda ba sa sauyawa: fensir, abin goge rubutu, abin fiƙe fensir, rula, safa, gorar ruwa. Waɗannan ka saya yanzu, kuma ka saya da yawa masu sauƙin kuɗi, domin ɓatar da su za a yi. Fensir mai alamar HB ya ishi rubutun yau da kullum. Kada ka damƙa wa yaro duka lokaci guda, ka riƙa fitar masa da ɗaya ko biyu. Gorar ruwa ka zaɓi mai faɗin baki wadda za a iya wanke cikinta sosai.

Littattafan karatu da na rubutu kuwa ka jira. Mawallafa kan sabunta bugu, shafuka su sauya, malami ya ce a buɗe shafi kaza yaronka ya buɗe ya tarar da wani abu daban. Littattafan rubutu ma layukansu sun bambanta tsakanin ƙananan azuzuwa da manya. Rangwamen da ya sa ka sayi abin da ba za a yi amfani da shi ba asara ce. Idan ka matsu, ka tambayi wani da ɗansa ya gama wannan ajin bara, wataƙila ma ka samu littattafan a hannunsa.

Tambaya: Ƙafar 'yata tana saurin girma. Laifi ne in sayi takalmi da ya fi ƙafarta da lamba biyu don ya daɗe? Daga Maman 'Yan Uku.

Lamba biyu ta yi yawa, Hajiya. Takalmin da ya yi wa yarinya yawa yana sa ta tuntuɓe, ta riƙa dunƙule yatsu don riƙe shi, ga ƙuraje a dunduniya. Abin da ake so shi ne a samu tazarar kamar faɗin babban yatsan hannunki, wajen santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, tsakanin yatsanta mafi tsawo da bakin takalmin. A gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, tana tsaye, sanye da safar da za ta riƙa zuwa makaranta da ita. A gwada duka ƙafafun biyu, don sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya, sai a bi babbar. Idan ba ta iya ɗaure igiya ba tukuna, ki sayi mai maƙalewa, ki hutar da malamarta. Kuma ta fara sa shi a gida kwanaki kaɗan kafin a koma. Ƙarin girman da kike so ki yi shi a riga, can ba ya cutarwa.

Tambaya: 'Yata mai shekara tara ta dame ni in saya mata waya, wai duk ƙawayenta suna da ita, kuma za ta taimaka mata da aikin gida. Gaskiya ne? Daga Baban Yarinya.

"Duk ƙawayena" a bakin mai shekara tara yawanci mutum biyu ne, ranka ya daɗe. Ra'ayina a fili yake: ɗan firamare ba ya buƙatar wayar kansa mai intanet. A 2018 Faransa ta kafa dokar hana ɗalibai amfani da waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare. Rahoton hukumar UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi shi ma ya ja kunne cewa na'ura ta shiga aji ne kawai idan akwai shaidar tana taimakon koyo. Aikin gida na wannan mataki karatu ne da rubutu da lissafi, kuma da fensir ake ƙware a kansu.

Ka tambayi kanka wace buƙata ce ta ainihi. Idan don ka riƙa jin inda take ne saboda tana dawowa gida ba tare da babba ba, ƙaramar waya mai kira da saƙo kawai ta wadatar, bayan ka ji dokar makarantar a kanta. Idan kuma makarantar ce da kanta ke ba da aiki ta intanet, a samu na'ura ɗaya ta kowa da kowa a gidan, a riƙa amfani da ita a inda idon babba yake, a kunna mata saitin kariyar yara.

Abin da ya fi damuna ma shi ne barci. A 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12 a kowace rana. Wanda zai tashi ƙarfe shida na safe, ya kamata a ce ƙarfe tara na dare ta same shi yana barci. Waya a ƙarƙashin matashi ita ce ke cinye wannan lokacin. Tunda hutu ya rikita lokacin kwanciya, ka fara matso da shi da minti 15 duk bayan kwana ɗaya ko biyu, mako guda ko biyu kafin a koma. Wannan ba ya cin ko kwabo, kuma ya fi na'urar amfani a aji.

Tambaya: Ɗana ya gama aji biyu amma har yanzu yana haƙilo da karatu. Ina tunanin ɗaukar masa malami na gida wannan zangon. Ya kuke gani? Daga wata uwa mai damuwa.

Ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, ba a makara ba. Amma kafin ki biya kowa, ki fara gano dalili. A duba idonsa. Yaro ba ya cewa ba ya gani, domin bai san yadda sauran mutane ke gani ba. Ki lura ko yana ƙanƙance ido, ko kai littafi dab da fuska, ko karkatar da kai, ko yawan kukan ciwon kai bayan an tashi daga makaranta. Akwai larurar da ido ɗaya ke yin rauni ɗayan yana rufa masa asiri, kuma maganinta ya fi ci idan an gano ta kafin shekara bakwai zuwa takwas. A duba kunnensa ma, musamman idan ya sha fama da ciwon kunne. Wanda ba ya rarrabe sautuka da kyau zai wahala wajen haɗa baƙaƙe. Sau da yawa tabarau ne ake nema, ana can ana kiran yaro daƙiƙi.

Daga nan ki je wurin malamin ajinsa a makonnin farko, kada ki jira sakamakon jarrabawa. Kada ki ce "yaya ƙoƙarinsa?", don za a ce miki "yana ƙoƙari". Ki tambaya a ina yake tsayawa: bai san sautin baƙaƙen ba ne, ko ya sani amma haɗawa ke ba shi wuya, ko yana karantawa amma ba ya fahimta? Kowanne maganinsa daban. Wasu yaran kuma suna da wata matsala ta musamman ta karatu da ba ta da alaƙa da kaifin basira, wadda ke buƙatar ƙwararre ya tantance.

Idan bayan haka kin ga ana buƙatar malamin, ki nemi wanda ya saba koyar da ƙananan yara, ba wanda ya fi kowa takardu ba. Ki tambaye shi yadda zai fara. Wanda ya ce sai ya gwada yaron ya ga inda yake, ki riƙe shi. Wanda aikinsa shi ne yi wa yaro aikin gida, kuɗinki kawai zai ci. Zama gajere sau biyu ko uku a mako ya fi awa biyu kullum a kan yaron da ya dawo a gajiye, kuma a yi darasin a inda mutanen gida ke gani. Ki bar masa lokacin guje-guje: Hukumar Lafiya ta Duniya tana so yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a rana.

Ke ma akwai naki aikin. Minti 15 kowace rana, ki zauna da shi da littafin da ya ɗan yi masa sauƙi, ki karanta layi ya karanta layi. Idan ya tsaya a kalma, ki ba shi daƙiƙa kaɗan ya gwada kafin ki faɗa masa. Ku yarda da malamin gidan cewa bayan mako shida za ku zauna ku ji yaron ya karanta shafi guda, daga nan ki yanke ko a ci gaba ko a sauya hanya.