Ƙafar Injin Jirgina Ta Ƙi Ɗagawa

Tambaya: Malam, ina da tsohon jirgin ruwa mai injin MerCruiser da ƙafa ƙirar Alpha One. Idan na danna maɓallin ɗaga ƙafar da ke ɗauke da farfela, ba ta motsi, amma tana sauka lafiya. Shin famfon haidirolik ɗin da ke tura mai ya ɗaga ƙafar ne ya mutu?

Amsa: Malam, kada ka yi gaggawar sayen famfo, domin tunda ƙafar tana sauka, motar famfon tana da rai. Ka fara danna maɓallin tirela, wanda ke ɗaga ƙafar har ƙarshe. Idan ta ɗaga, to galibi laifin na makunnin iyaka ne, mai hana ƙafar ɗagawa fiye da kima, da ke gefen zoben da ƙafar ke juyawa a kansa, wanda wayoyinsa ke zama cikin ruwa har rufinsu ya tsattsage, tagullar ta yi kore. A ganina, nan ne aka fi samun matsalar a tsofaffin jirage.

Idan maɓallin tirelan ma ya ƙi, ka duba solinoid biyun da ke kan famfon, wato makunnan da ke tura wa motar wuta: mai shuɗiyar waya na ɗagawa ne, mai koriyar waya na saukewa. Jin "ƙas" ba tare da motar ta juya ba yana nuna solinoid ɗin ya ƙone ko kawunan wayoyin sun yi tsatsa.

Ka kuma auna man famfon bayan ka sauke ƙafar gaba ɗaya. Idan ya yi fari kamar madara, ruwa yana shiga, galibi ta robobin silindar da ke ɗaga ƙafar, sai a sauya su a zuba sabon mai.