Raba direbobin rali aji-aji: adalci ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko auna ƙwarewa a raba direbobi aji-aji na kawo adalci a gasar rali, wato tseren mota, ta intanet. Yana taimakawa sosai. Dubi iRating, makin auna ƙwarewa na wasan tseren mota na iRacing, mai kama da lissafin Elo da ake auna 'yan wasan chess da shi, yana haɗa ka da sa'anninka, ɗan koyo ba ya karaya tun ranar farko.

Amma a nan Agege ta Legas, sau nawa aka ɗauke mini wuta ina tsakiyar tsere, aka rubuta ban gama ba, makina ya zube? Wallahi abin na ci mini rai. Ga ƙwararru masu buɗe sabon asusu su dawo ajin ƙasa suna kwashe komai. Ni dai a cire sakamako mafi muni guda ɗaya kafin lissafi.