Ku Tambayi Mai Gyara: Igiyar iyafis ɗina ta fi ƙarfin kunnena

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da na'urar sauti a wuraren Maulidi da walimar biki a ƙauyukan da ke kewaye da Ringim. Ina da iyafis irin wanda ke shiga ya toshe kunne, KZ ZSN Pro, da shi nake jin muryar sha'iri ba tare da hayaniyar jama'a ba. Igiyarsa ta asali ta tsinke, na aika aka sayo min wata daga Kano, mai kauri kamar igiyar guga, wai kaurin ne ingancin. To Malam, nauyinta fizgo min shi yake daga kunne, ga tabarau ga hula, kafin a yi addu'ar tashi bayan kunnena ya fara zugi. Wace siririya zan nema? Kuma sautin ba zai ragu ba? Daga mai karatu a Ringim, Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Zan riƙa cewa igiya kamar yadda ka ce, don idan na ce waya sai a rasa ta kira nake nufi ko ta tagulla.

Kafin maganar kauri, zare igiyar daga jikin iyafis ɗin ka duba bakinta a wurin haske. A nan kuɗin mutane ke halaka. Akwai baki mai zagaye kamar maɓallin riga, wanda ke shiga ya ce ƙas kuma yana juyawa, sunansa MMCX, shi ne a jikin Shure SE215. Akwai mai ƙafa biyu, kuma shi kansa gida-gida ne: mafi yawa kaurin ƙafarsu milimita 0.78, wasu 0.75. Naka mai ƙafa biyu ne na 0.75, kuma ramin nasa a tudu yake, sai igiyar ta zo da 'yar hula ta roba ta rufe tudun. Masu sayarwa na kiransa C ko QDC. Wannan harafin shi za ka faɗa wa ɗan aike, ko ma ka ba shi tsohuwar igiyar ya kai kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya ce irin bakin nan yake so.

Ni da bakina nake ba da labari. Shekarun baya na sayo mai 0.78 ga iyafis mai ramin 0.75, na ce ai bambancin bai kai kaurin gashi ba. Ta ƙi shiga, na danna da ƙarfi a kan teburin shagona, ta shiga. Kwana uku ina jin daɗi. Ranar da na mayar da igiyarsa ta asali sai na tarar ramin ya buɗe, ɓangaren hagu ya koma sai na dafe da yatsa yake magana. Har yau yana cikin gwangwanin da nake tara sukurori, ban iya jefar da shi ba.

Yanzu kauri. Waccan da aka sayo maka, ƙirga tufkarta, ina jin takwas ce ko sha shida. Kunne biyu hanya huɗu kawai suke bukata, biyu dama biyu hagu. Ragowar ninki ne, ga kyau a hoto ga nauyi a wuya. Nemi mai tufka huɗu siririya, wadda idan ta rabu a ƙirji biyu-biyu ke hawa kowane kunne. Kuma ba igiyar kaɗai ke da nauyi ba. Dubi mararrabar da ta rabu biyu: idan dunƙulen ƙarfe ne, shi ke lilo a ƙirjinka yana jan kunne duk sanda ka sunkuya kan miksa, wato na'urar haɗa sauti. Ta roba ta fi maka.

Sautin fa? Gaskiya ne siririn tagulla ya fi mai kauri tauye wuta, amma a tsawon mita 1.2 da yawancin igiyoyin nan ke da shi, abin da ke ɓacewa ɗan mitsitsi ne. A filin Maulidi, ga janareta na ruri ga mandiri na tashi, ba kunnen da zai kama shi. Akan ji ɗan bambanci a wasu masu tsada da ke da ƙananan lasifika da yawa a ciki, kuma ko su sai a ɗaki shiru. Zancen azurfa na ƙara wa murya haske kuwa, ni dai na saurara har na gaji ban ji ba. Kada ka ƙara ko sisi saboda shi.

Abin da za ka ji da kunnenka shi ne ƙarar gogar riga. Igiya mai tauri, ko wadda aka naɗe da zare, duk sanda ta goga wuyan riga mai sitati sai ka ji ƙurr har cikin ka. A shago, sa iyafis ɗin a kunne ba tare da ka kunna komai ba, ka ja farce a jikin igiyar. Wadda ta fi shiru ita ce taka. Sannan ka naɗe ta a yatsu huɗu ka sake ta a tafin hannu: mai laushi za ta kwanta, mai tauri za ta miƙe tana neman faɗuwa.

Zugin bayan kunne kuma daga ƙugiyar yake, wato lanƙwasar igiyar da ke zagaya kunne. Wasu na da ƙarfe a ciki da ake lanƙwasawa, ga ƙafar tabarau a wuri ɗaya, ga bakin hula na danna su duka. Zaɓi mai lanƙwasar roba zalla. Wajen sawa, fara ɗora igiyar, tabarau ya hau kanta. Ka zagaya da ita ta ƙeya ta bi bayanka cikin riga, ka matso da ɗan zoben nan mai zamewa a jikin igiyar sama, ka kama ta da abin maƙalewa a wuyan riga don rigar ta ɗauki nauyin.

Ɗaya bakin, mai shiga na'ura, ka tsaya kan na kowa, milimita 3.5 mai zobe biyu baƙaƙe, marar makirfo. Mai zobe uku na wayar hannu ne, yakan yi gardama a miksa. Masu 2.5 da 4.4 na wasu na'urori ne daban. Idan ka samu mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu ya fi jure aljihu.

Akwai sirara na gaske, Linum, na kamfanin Estron a Denmak, masu yin igiyoyin na'urar taimaka wa ji. Kamar zaren ɗinki suke, ka manta da su a kunne. Kuɗin ɗaya ya ninka na iyafis ɗinka, ga saurin cukurkuɗewa. Na faɗa ne don ka san da su kawai.

Ka sani siririya ba ta son fizga. A gindin baki take mutuwa, don haka duba akwai ɗan hannun roba a wurin. Kan bakin za ka kama in za ka zare, kuma ka daina raba ta da iyafis ɗin kullum. Ranar da ka haɗa sabuwar, ja ko R dama ne, shuɗi ko L hagu. Idan ka ji muryar sha'irin ta watse ba ta tsaya a tsakiyar kanka ba, gangar kuma ta yi holoƙo, ƙafafun gefe ɗaya ne suka juya.

Tambaya: Malam, igiyata fara ce garau, ƙarƙashin hijabi nake sa ta ina sauraron karatu. Yanzu ta koma kore a wajen kunne. Ta lalace ne? Daga wata 'yar'uwa a Ɗambatta.

Amsa: Ba ta lalace ba, Malama. Gumi da iska ne suka ratsa robar suka taɓa tagullar, kamar yadda tsohon warwaron tagulla ke yin kore. Sauti na nan yadda yake. Abin dubawa shi ne tauri: man jiki da zafin bazara kan busar da roba har ta fara tsagewa, to a nan ne za ki canza. Kafin nan, goge ta da busasshen ƙyalle duk sanda kika cire. In kin tashi sayen wata ki ɗauki baƙa, ko ta yi koren ba za ki gani ba.